Daga Mafitar Ruwan Tiga Zuwa Cibiyoyi Bakwai

Matanin laccar da aka gabatar wa malaman lissafi da ɗaliban manyan azuzuwan sakandare na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa.



Ruwan saman da ya sauka a kan duwatsun Riruwai ba ya shawara da kowa kafin ya kama hanya. Inda ƙasa ta fi gangara, nan yake bi. Ɗigon da ya faɗo ta wannan gefen sai ya gangaro cikin rafukan dajin Falgore, ya shiga kogin Kano, ya kwanta a Tiga, daga nan ya haɗu da Challawa a wajen Tamburawa, ya wuce Wudil da Haɗeja. Idan gonar shinkafa ba ta shanye shi ba, tafkin Chadi ya nufa. Can wajen iyakar Kano da Kaduna kuwa akwai doron tudu wanda ɗigon da ya faɗi bayansa ba zai taɓa ganin Tiga ba. Kogin Kaduna zai ɗauke shi, ya miƙa wa Neja, ya ƙare a teku.

Da wani mai haƙuri zai ɗauki taswirar ƙananan hukumomin nan huɗu, ya zana hanyar da ruwa zai bi daga kowane wuri, da takardar ta cika maƙil da layuka. Kowane wuri da layinsa guda tak, babu layin da ya haye ɗan'uwansa, suna kwance gefe da gefe kamar kunyoyin gonar masara bayan huɗa. Irin wannan tsari shi masana lissafi ke kira shimfiɗar layuka, kowane layi kuma su ce masa ganye. Sai dai mai zanen zai iske wasu wurare ƙalilan da alƙalaminsa zai tsaya cak, domin ruwa ba shi da alƙibla a can. Akwai ƙololuwar dutse, inda layuka ke fita ta ko'ina. Akwai gindin rami, inda duk suke taruwa. Sannan akwai mashigin da ke tsakanin duwatsu biyu, mai siffar sirdin doki: ta gaba da baya hawa, ta dama da hagu gangara. Waɗannan wurare su ne cibiyoyi, kuma a kansu maganar yau za ta zauna, domin duk abin da ya samu shimfiɗar, a wurinsu yake fara bayyana.

Wani masanin lissafi na Ingila, Arthur Cayley, ya yi rubutu kan layukan gangara a 1859. A 1870 James Clerk Maxwell, wanda duniya ta fi sani da ƙa'idojin lantarki, ya ɗora a kai, ya fito da wani ƙidaya mai ban mamaki. A ɗauka an kwashe ruwan tekuna duka, aka ƙirga ƙololuwar duwatsun duniya, aka haɗa da adadin ramuka, aka ɗebe adadin sirdi. Abin da zai saura 2 ne. Ko girgizar ƙasa ta yi, ko zaizaya ta cinye tudu, ko masu haƙar kuza a Riruwai sun yi ramuka ɗari, amsar tana nan 2.

Ta yaya za a haƙa rami lissafin bai motsa ba? Amsar tana Bebeji.

Kafin 1971 kogin Kano yana ratsa kwarin Tiga ya wuce abinsa, layukan ruwa suna tafiya sumul babu wata cibiya a tsakiyar kwarin. Gwamnatin Audu Bako ta tare kwarin da bangon ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6 da tsayin mita 48, aka kammala a 1974. A idon injiniya, an sami tafki mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A idon mai lissafi, an haifi cibiyoyi biyu a tare. Ɗaya ita ce gindin tafkin, wuri mafi zurfi a bayan bango, inda layukan da a da suke wucewa yanzu suke taruwa. Ɗayar kuma ita ce mafitar ambaliya, wato wuri mafi ƙasa a bakin tafkin, wanda ruwa ke bi ya fice idan ya cika. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mafitar madatsa ya san siffarta: dama da hagu sun fi ta tsayi, gaba da baya sun fi ta ƙasa. Sirdi ke nan sak. Rami ya ƙara 1, sirdi ya ɗebe 1, ƙidayar Maxwell ba ta ji komai ba. Babu injiniyan da zai iya yin tafki bai yi masa sirdi ba. Idan bai gina mafita ba, ruwan da kansa zai nemo wuri mafi ƙasa a bakin bangon ya mayar da shi mafita.

Dattawan da ke zauren nan ba su manta da watan Agustan 1988 ba, lokacin da madatsar Bagauda ta fashe bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abin da ke faruwa a irin wannan masifa shi ne ruwa ya sami tsaga a bango ya yi ta cinta, sirdin yana sauka, yana sauka. Idan tsagar ta kai gindi, sirdi ya tarar da rami, su biyun suka ɓace tare kamar yadda aka haife su tare, kwari ya koma kwari. Bayan wannan ne, a farkon shekarun 1990, aka rage tsayin mafitar Tiga don gudun maimaici. Wannan ma taɓa shimfiɗar aka yi, amma taɓawa iri dabam: ramin yana nan, sirdin yana nan, ɗan matsar da shi kawai aka yi. Ruwan da tafkin ke riƙewa ya ragu, amma tsarin layukan bai sauya kama ba.

Ga gurgusawa iri biyu ke nan a cikin ƙaramar hukuma ɗaya. Wata takan bar tsari yadda yake, wata takan rushe shi. Ilimin gurgusa shimfiɗa tambayarsa ke nan: idan aka ɗan taɓa ƙa'idar da ke ba layuka alƙibla, me zai tsaya, me zai tafi, kuma hanyoyin taɓawa na gaskiya guda nawa ne?

To amma cibiyoyin biyu da suka ɓace, ina suka tafi? Ɗalibin aji huɗu na sakandare zai iya bin sawunsu da alli. A rubuta x² = 4. Amsa biyu ce, 2 da −2. A ce su ne ramin da sirdin. A rage 4 zuwa 1, amsoshin suka matso kusa, 1 da −1. A rage zuwa sifili, suka haɗe wuri guda. A ƙara ragewa zuwa −4, sai malami ya ce babu amsa, domin babu lambar da za a ninka da kanta a sami ƙasa da sifili. A kan layin lambobin da aka saba, gaskiya ya faɗa. Amma tun 1545, da Girolamo Cardano na Italiya ya ci karo da irin wannan a littafinsa, da 1572 da Rafael Bombelli ya tsara dokokin sarrafa su, masana suka fara amincewa da wata lamba da ake rubutawa i, wadda idan aka ninka ta da kanta a sami −1. Da ita amsoshin x² = −4 suna nan daram: 2i da −2i. Ba su mutu ba. Sauka suka yi daga kan layi suka shiga fili.

Lambar da aka haɗa daga kashi biyu, kamar 3 + 2i, ita ce tagwayen lamba. Caspar Wessel a ƙarshen ƙarni na 18 da Jean-Robert Argand a 1806 suka nuna cewa ɗigo ce a kan takarda: taku 3 gabas, taku 2 arewa. Ninkawa da i kuwa juyi ne na digiri 90. Kada a ɗauke ta wasan ƙwaƙwalwa. Tun da Charles Steinmetz ya nuna hanyar a 1893, injiniyoyin lantarki da ita suke auna wutar da ke kai-komo a waya, har da wadda injinan ruwa na Tiga ke samarwa.

Wanda ya mayar da zancen layuka da cibiyoyi ilimi mai zaman kansa shi ne Henri Poincaré na Faransa, a jerin maƙalolin da ya buga daga 1881 zuwa 1886. Damuwarsa ita ce ƙa'idojin sauyi, wato lissafin da ke faɗin saurin canjin abu a kowane hali: tafiyar taurari, lilon agogo, wutar da ke cikin waya. Mafi yawansu ba sa warwaruwa da alƙalami. Poincaré ya ce a daina neman amsar da ba za ta samu ba, a zana layukan, a nemo cibiyoyin, a duba yadda layuka ke shiga da fita. Ya raba cibiyoyi gida huɗu: ƙulli irin ƙololuwa ko rami, sirdi, mai murɗawa kamar ruwan da ke juyi kafin ya nutse, da wadda layuka ke kewayawa ba sa shiga. A 1937 'yan Rasha biyu, Andronov da Pontryagin, suka bayyana sharuɗɗan shimfiɗar da ƙaramar gurgusawa ba ta sauya mata kama. Maurício Peixoto na Brazil ya cike aikin a 1962: a bayan ƙwallo da makamantansa, kusan kowace shimfiɗa mai juriya ce. Rage mafitar Tiga shi ne abin da aka saba gani. Irin na Bagauda shi ne nadiri.

Akwai tambayar da ta gagari kowa a wannan fagen. Wani lokaci ganye yakan rufe ya zama zagaye, maƙwabtansa su yi ta nannaɗowa gare shi. Irin wannan rufaffen zagaye shi ke sa na'urar rediyo ta riƙe zangonta ko da an ɗan girgiza ta. A 1900, David Hilbert ya jera matsaloli 23 don sabon ƙarni, ta 16 tana tambayar iyakar adadin rufaffun zagaye da ƙa'ida mai mataki kaza, wato wadda ake ninka lamba da kanta sau kaza a cikinta, za ta iya samu. Har yau ko ga mataki na 2, mafi sauƙi, ba a san amsar ba. 'Yan Najeriya na farko da suka yi suna a lissafi a kusa da wannan fage suka yi aiki. Chike Obi ya yi digirinsa na uku a Kambirij kan ƙa'idojin sauyi masu kai-komo. James Ezeilo, wanda daga baya ya zama shugaban farko na Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja, ɗalibin Mary Cartwright ne, matar da ta yi nazarin ƙa'idojin na'urorin rediyo da rada tare da Littlewood a zamanin yaƙin duniya na biyu.

A 1955 Petrovskii da Landis a Mosko suka yi shelar cewa amsar mataki na 2 ita ce zagaye 3. Hujjarsu ta rushe, har masana daga Sin suka kawo misalai masu zagaye 4 a 1979 da 1980. Amma hanyar da suka bi ta fi sakamakonsu daraja: sun ɗauki ƙa'idar suka bar lambobinta su zama tagwaye, suka duba shimfiɗar a can. Wannan ƙofa da suka buɗe ba ta sake rufuwa ba.

Me ake gani a can? Idan x da y duka tagwaye ne, kowace tana da ƙafa biyu, filin ya zama mai awo huɗu. Lokaci ma tagwaye ne, saboda haka ganye ya tashi daga layi ya zama shafi mai tsawo da faɗi, layin da ake zanawa a allo yanka ɗaya ne kawai daga jikinsa. Ƙa'idojin da ake yarda da su a nan su ne waɗanda ake kira holomofik: a kusa da kowane ɗigo ba sa yi wa fili komai sai juyawa da faɗaɗawa daidai wa daida ta kowane gefe. Sharaɗin yana da tsauri ƙwarai. Wanda ya san irin wannan ƙa'ida a ɗan ƙaramin yanki ya san ta ko'ina. Don kada wani abu ya tsere zuwa nesa marar iyaka, akan ƙara wa filin layi guda a ƙarshen gani, inda layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa ke haɗuwa, a kira shi filin firojektif. Matakin shimfiɗa kuma shi ne sau nawa miƙaƙƙen layi ke gogar ganye ba tare da ya huda shi ba.

A nan abin da ya faru a Bagauda ba ya yiwuwa. Shimfiɗa mai mataki d tana da cibiyoyi d² + d + 1, ba ƙari ba ragi. Mataki na 1, cibiya 3. Mataki na 2, cibiya 7. Mataki na 3, 13. Mataki na 4, 21. Cibiya biyu za su iya haɗewa wuri guda, amma sai a ƙirga wurin sau biyu, kuma da an ɗan gurgusa za su sake rabuwa. Babu sirdin da ke ɗebe 1 a wannan duniya, kowace cibiya ƙari take yi. Wannan shi ne dalilin da masana suka yarda su bar fili mai awo biyu da ido ke gani su shiga mai awo huɗu: a can babu abin da ke ɓuya.

Doron tudun da ya raba ruwan Chadi da na Neja ma yana da takwara a can. Shi layi ne da ke ratsa sirdi, ya raba ganyayen da za su bi dama da waɗanda za su bi hagu. A fili na ainihi, cibiya mai murɗawa ba ta da irin wannan layin raba-gari, domin duk abin da ya nufo ta juyi yake yi. Briot da Bouquet sun fara binciken lamarin a duniyar tagwaye a 1856. Sai a 1982, bayan shekara 126, César Camacho da Paulo Sad suka tabbatar cewa a fili mai tagwayen awo biyu babu cibiyar da ba ta da aƙalla layin raba-gari guda, komai rikicinta.

Yanzu a zo ga gurgusawa, a yi ƙidayar a hankali, domin a nan daɗin yake. Kowace cibiya ta yau da kullum tana da lambobi biyu, saurin da ganye ke fita ko shiga ta fuskokinta biyu. A haɗa su, a ninka jimlar da kanta, a raba da abin da aka samu in an ninka su da juna. Sakamakon shi ne lambar Baum da Bott, sunan masana biyu da suka gano ta a 1970. Gwaji: ƙololuwar da layuka ke fita daidai ta ko'ina tana da 1 da 1. Jimla 2, ninki 4, a raba da 1, lambarta 4. Sirdi mai 1 da −1 lambarsa sifili. Baum da Bott suka nuna cewa idan aka tara lambobin cibiyoyi duka, dole a sami (d + 2)². Mataki na sifili cibiyarsa ɗaya ce, irin ƙololuwar nan, kuma 2 sau 2 huɗu ne. Lissafi ya fita.

A mataki na 2, ana buƙatar tagwayen lambobi 14 kafin a fayyace shimfiɗa guda. Amma guda 8 daga cikinsu ba canji ne na gaskiya ba, sauya mazaunin mai kallo ne kawai, kamar a ɗauki hoton abu ɗaya daga kusurwa dabam. Saura 6. Ta ɗaya ɓangaren, cibiyoyi 7 kowace da lambarta, amma jimlarsu dole ta zama 16, saboda haka guda 6 ne ke da 'yanci. Shida ta yi daidai da shida. Wannan dacewa ta sa aka yi zaton lambobin cibiyoyi kaɗai sun kusa isa su gane shimfiɗa, kuma haka ne. Alcides Lins Neto ya ƙirga ya samu cewa idan aka ba mutum lambobin bakwai, shimfiɗu 240 ne kacal ke ɗauke da su. Akwai wanda ya fi wannan. Xavier Gómez-Mont na Meziko da George Kempf na Amurka sun tabbatar a 1989 cewa daga mataki na 2 zuwa sama, idan cibiyoyin ba su haɗe da juna ba, sanin inda suke zaune ya wadatar. A sa ɗigo 7 barkatai a filin, shimfiɗa ɗaya tak mai mataki na 2 za ta amsa su. Kowane ɗigo lamba biyu ke nuna mazauninsa, 7 sau 2 kuma 14 ne. Ganyaye marasa adadi, masu cika fili mai awo huɗu, duk ɗigo bakwai ke riƙe da ragamarsu.

Sai kuma abin da ya juya hukuncin Peixoto a kansa. A taron duniya na Helsinki a 1978, Yulij Ilyashenko na Mosko ya gabatar da sakamakon da ake kira taurin shimfiɗa. A cikin ƙa'idojin folinomiyal na yau da kullum, wato waɗanda aka gina da tarawa da ninkawa kawai, daga mataki na 2, idan aka gurgusa shimfiɗa ta ci gaba da kama da ta farko, ko da kamar da ake samu ta hanyar miƙewa da lanƙwasawa ce, to ba a gurgusa komai ba, tsohuwar ce aka kalla daga wani gefe. Duk taɓawa ta gaskiya tana haifar da sabon tsari. A duniyar ainihi juriya ce ta zama ruwan dare, a duniyar tagwaye kuwa kusan babu shimfiɗa biyu masu kama da juna. Dalilin yana jikin ganyayen. Tun 1962 Khudai-Verenov ya nuna cewa ganye guda yakan yi ta yawo har ya kusanci kowane lungu na filin. Ganyen da ya leƙa ko'ina yana ɗauke da labarin kowace cibiya, ba a iya taɓa ɗaya bai ji ba. A 1979 Jean-Pierre Jouanolou ya ƙara da cewa, daga mataki na 2, shimfiɗar da aka ɗauko barkatai a filin firojektif ba ta da ko ganye ɗaya da za a iya rubutawa da ƙa'idar aljabara.

Kada a ɗauka cibiyoyi sun faɗi komai da komai. Misali mafi kyau a fagen nan, kuma ya cancanci a ce mafi kyau, shi ne dangin da Lins Neto ya buga a 2002. Shimfiɗu ne masu mataki na 4, cibiya 21. Guda 12 irin ƙololuwa ne, suna zaune a mahaɗar wasu miƙaƙƙun layuka 9, ba sa motsi. Sauran 9 suna da saurin 1 da −3, suna tafiya a kan layukan yayin da ake juya wata lamba guda. Ɗalibai su gwada: 12 sau 4 ya ba da 48. Kowace daga cikin taran lambarta 4 a raba da −3, tara daga cikinsu −12 ke nan. Jimla 36, wato 6 sau 6, daidai da alƙawarin Baum da Bott. Komai juyin da aka yi wa lambar, irin cibiyoyin bai canzawa. Amma ganyayen fa? A wasu ƙimomi duk sun rufe sun zama na aljabara, matakinsu kuma yana iya hawa ba iyaka. A ƙimar da ke dab da su sai su warware su bazu. Da wannan misali aka nuna cewa tambayar da Poincaré ya yi a 1891, ko matakin shimfiɗa da irin cibiyoyinta sun isa su yi wa matakin ganye iyaka, amsarta a'a ce.

Kayan aikin auna gurgusawa daga Kunihiko Kodaira na Japan da Donald Spencer na Amurka aka gaje su, waɗanda suka kafa ilimin a 1958, Masatake Kuranishi ya ƙarfafa shi a 1962. Dabararsu ita ce a fara ƙirga alƙiblolin da za a iya ɗaga ƙafa zuwa gare su, sannan a bincika waɗanne ne ke da shinge a gaba. Gómez-Mont da Jean-François Mattei na Tulus suna cikin waɗanda suka daidaita ta ga shimfiɗu masu cibiya. Shingen yakan bayyana sosai idan aka hau fili mai tagwayen awo uku, ganyaye suka zama bango-bango. A can ba kowace ƙa'ida ke haifar da ganye ba, sai ta cika wani sharaɗi da Frobenius ya tsara a 1877. Wannan sharaɗi ya raba shimfiɗu zuriya-zuriya, ta yadda gurgusawa ba ta fitar da 'yar wata zuriya ta yau da kullum ta kai ta wata. Jouanolou ya samu zuriya 1 a mataki na sifili, 2 a mataki na 1. Dominique Cerveau da Lins Neto suka samu 6 a mataki na 2, a 1996. Mataki na 3 ya ɗauki ƙarin shekara 25 kafin da Costa, Lizarbe da Pereira su nuna cewa akwai 18 na wani nau'i, da aƙalla 6 na wani. Kalmar aƙalla tana nufin ba a rufe ƙidayar ba.

Mai sauraro zai lura sunayen Brazil sun yi yawa: Peixoto, Sad, Lins Neto, Pereira, da Camacho, haifaffen Peru da ya yi rayuwarsa ta aiki a can. Duk gida ɗaya suka fito, cibiyar IMPA da ke Rio de Janeiro, wadda aka buɗe a 1952 da ma'aikata 'yan ƙalilan a ƙasar da a lokacin ba a lissafa ta a wannan fanni. Sun zaɓi fage ɗaya suka duƙufa, suka aika yaransu waje suka dawo da su, suka riƙe su. A 2014 ɗalibinsu Artur Avila ya karɓi lambar Fields, mafi girma a lissafi. A zamanin da Camacho ke shugabantar cibiyar, a 2005, aka fara gasar lissafi ta makarantun gwamnati, wadda yara kusan miliyan 18 ke shiga duk shekara, har na ƙauyukan da mota ba ta kaiwa. Wannan shi ne ɓangaren labarin da ya fi shafar malaman da ke zaune a nan. Ilimin shimfiɗa ba zai toshe tsagar madatsa ba, ba zai ƙara buhun shinkafa a Tudun Wada ba, kuma bai kamata a yi masa ƙaryar amfani don a so shi ba. Amma fanni ne da ba ya neman injin miliyoyi. Allo, alli, littafi da malamin da ya fahimci abin da yake koyarwa su ne jarinsa. Ƙasar da ta fitar da Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi kan tsara hatimin lambobi a 1732 ya rasu a Alƙahira a 1741, ba baƙuwar lissafi don lissafi ba ce. Yarinyar da ke aji biyar a Kafin Maiyaki ko yaron da ke Daɗin Kowa, idan suka riƙe ƙarin lissafi, suka sami sashen lissafi na Bayero ko na Wudil ko na Zariya, darasin tagwayen lambobi da na ƙa'idojin sauyi suna jiransu kafin su gama digirin farko. Daga nan zuwa karanta maƙalar Camacho da Sad tafiyar 'yan shekaru ce.

Aikin da ya rage ma a bayyane yake. A 1988 Camacho, Lins Neto da Sad suka yi wata tambaya da ɗalibi zai iya fahimta yau: a filin firojektif na tagwaye, shin kowane ganye dole ne, komai daɗewa, ya matso kusa da wata cibiya, ko akwai ganyen da zai yi ta yawo har abada yana nesa da dukkansu? A 1999 Lins Neto ya tabbatar cewa daga awo uku zuwa sama, inda ganyaye suke bango-bango, babu ganyen da ke tsira. A awo biyu, wanda ake ganin ya fi sauƙi, an gwada misalai, an rufe wasu hanyoyi, amma babu wanda ya kawo ganyen da ya tsere, babu kuma wanda ya tabbatar cewa babu shi, ko da a mataki na 2 mai cibiya 7 in aka ɗauki dukkan shimfiɗunsa.